Rigar da Nabila Ta Saya a Kantin Kyari

Ranar da aka sauke sababbin kaya a kantin Alhaji Kyari, kafin azahar duk Magaria ta ji labari. Kanti ne hawa biyu, gilashi tun daga ƙasa har sama, sanyin kilima, na'urar sanyaya ɗaki, na tarar mutum tun daga ƙofa. Rigunan Dubai, jakunkunan Turkiyya, takalma da tabarau na Faransa, kowanne da sunan babban mai ɗinki manne a jikinsa. Hotunan kayan suka yi ta yawo a waya har suka isa ƙauyen Guci, suka faɗa hannun Nabila.

Nabila ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, saura mako guda ta tafi jami'a a Damagaram. Abu ɗaya ke cin ranta: kada 'yan matan birni su yi mata kallo ɗaya su ce ga 'yar ƙauye. Ta sha wannan kallon a lise, makarantar sakandaren da ta gama. Kowace yarinya da rigar kanti, ita kuwa ɗinkin gida, har da sunanta da ubanta ke tsarawa da koren zare a cikin wuya, wai kada a ɗauke mata a shanya. Har suna suka sa mata: Mai Lamba.

Uban nata, Ɗalha, tela ne. Shekara talatin yana taka keke a rumfarsa ta bakin kasuwa, yana cika baki cewa da ido yake awo. Ba ƙarya yake ba kuma, don duk ranar kasuwa wani mai moto, wato babur, kan zo ya kwashe ɗinkinsa a buhu, wai Kano zai kai. Shi kaɗai ya san yankan rigar Nabila. Tun da ta faɗo daga amalanke tana shekara shida kafaɗarta ta hagu ta ɗan sauka, kowace rigar kasuwa sai ta zame mata gefe guda.

Tun kafin a sauke kayan Kyari, kwana goma sha ɗaya ya yi yana ɗinka mata rigar tafiya, bai bari ta gani ba. Da ya gama ya naɗe a takarda, ya kawo mata yana murmushi.

“Uwata, buɗe ki ga abin da ubanki ya yi.”

“Baba, don Allah ka bari. Jami'a fa zan je, ba biki a ƙauyen Kwaya ba.”

Ko taɓa ƙunshin ba ta yi ba. Ya kwana uku a kan tabarma, ranar kasuwa ya ɓace. Ba ta tambaya ba.

Da hotunan kantin Kyari suka zo, Nabila ta daina cin tuwo, ta daina gaisuwa da fara'a. Ɗalha ya jure kwana biyu. A na uku aka ɗora kekensa a amalanke, wani tela na Dungass ya saye. Ɗalha ya miƙa mata abin da aka ba shi, ya ce dama idonsa ya fara gajiya da zare.

Tare suka je Magaria. Mai gadi ya dubi takalman robar Ɗalha, ya ce tsoho ya jira a inuwa. Nabila ta shiga ita kaɗai.

A hawa na biyu ta ga wata riga. Shuɗiya, da aikin zare mai laushi a gaba, ga faffaɗan tambarin zinariya an ɗinke a cikin wuya: Dubai. Ta gwada. Ta tsaya gaban madubi, ta juya dama, ta juya hagu. Rigar ta zauna daram. Karo na farko a rayuwarta rigar kanti ba ta zame mata ba.

“Guda ɗaya tak aka kawo,” in ji mai sayarwa. “Waɗannan mutanen ba sa yin iri biyu.”

Ranar tafiya ta sa ta. A tasha Ɗalha ya gan ta a ciki, ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kai hannu ya shafa kafaɗarta ta hagu, ya bi ɗinkin da ɗan yatsa.

“Ka ga aikin waɗanda suka iya, Baba? Ba su taɓa ganina ba, amma kamar sun auna ni. Da irin wannan ka koya, ai da ba mu sha wahala ba.”

“Sun iya, Uwata,” ya ce. “Allah ya kiyaye hanya.”

Ya koma Guci, rumfar da babu keke.

A Damagaram kuwa riga ta yi aikinta. Wata mai suna Gimbiya, 'yar babban ma'aikaci, ita ta fara yi wa Nabila magana, tana tambayar inda aka samo ta. Nabila ta ce, “Dubai,” kamar can aka haife ta. Aka tambayi sana'ar ubanta, ta ce ɗan kasuwa ne.

Illa ɗaya ce: tambarin nan yana ƙaiƙayi. Kwana uku yana gogar mata wuya har wurin ya yi ja. Safiyar Juma'a za ta yi wanki, ta ɗauki reza, ta juya wuyan rigar, ta tsinke zaren a hankali don ta adana tambarin. Ya faɗo a cinyarta.

A ƙarƙashinsa, da koren zare, an tsara: Nabila.