Gaisuwar Harufa Biyu

Ƙarfe shida da rabi na safiyar Talata, a cikin trotro, motar haya mai zuwa kasuwar Abossey Okai, Abdulhafiz ya danna g, ya danna s, ya tura wa mahaifinsa, ya cusa wayar a aljihu.

Shekara biyu ke nan yana haka. Wata 'yar manhaja ya saka: da ya danna harufan nan biyu, sai ta shimfiɗa gaisuwa layi tara, tun daga "Baba, ina kwana" har tambayar ciwon gwiwa da lafiyar tumakin bayan gida. Mahaifin nasa, Alhaji Sulemana na unguwar Maamobi, ba ya wasa da gaisuwa. Zubairu, ƙanen Abdulhafiz, ya taɓa aika masa hoton babban yatsa a madadin ina kwana, wata biyu tsohon bai amsa sallamarsa ba. Cewa ya yi duk wanda ke ƙyashin gajiyar da yatsunsa saboda ubansa, to ba ɗa ba ne.

Abdulhafiz kuwa shi ne ɗan albarka, da shi ake ba da misali a ƙofar masallaci. Ko a watan jiya sai da ya ƙara wa kansa daraja, ya ba tsohon wayarsa ta da. Tun daga nan Alhaji, mai rubutu da yatsa ɗaya, yake amsa gaisuwa kafin trotro ya bar tasha. Abdulhafiz ya ce lallai waya mai kyau daban ce.

Sai da suka kai shataletalen Circle ya lura yau shiru. Ya ciro wayar, ya karanta abin da ya tura.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka ji tsoron Allah a kasuwa, kuma ka rage yawo."

Wannan ya aika wa dattijo ɗan shekara saba'in da biyu. Kuma ga alama nan ta nuna an karanta.

Da a wani mako ne da sauƙi. Amma ranar Asabar Alhaji zai jagoranci dattawa zuwa unguwar Alajo nema wa Abdulhafiz auren Hamdia, kuma iyayenta sun faɗa tun farko: uba za su gani, ba kawu ba. In Alhaji ya yi fushi irin na Zubairu, auren nan ya sha ruwa.

A shagonsa, tsakanin birki da fitilun mota, ya buɗe manhajar. Gaisuwarsa ta ɓace. A gurbinta, amsar da Baba ke aiko masa ce, kalma da kalma. Ya yanke cewa wayar ce ta haɗiye saƙon tsohon ta liƙa a inda bai dace ba. Ya goge, ya sake rubuta layukansa tara, har da ƙarin ban haƙuri.

Laraba gs ta yi aiki lafiya. Ya tura. Babu amsa.

Alhamis Allah ya taimake shi ya duba kafin ya tura. "Ɗana" ta dawo, har da rage yawo. Ya kashe wayar ya kunna. Ya cire manhajar ya sake sakawa. Ya cire layi ya hura masa iska. Maƙwabcinsa mai sayar da tayoyi ya ce wannan ba aikin mai gyara ba ne, a nemi malami. Abdulhafiz ya sake gyarawa, ya tura, ya wuni yana leƙa waya kamar mai jiran tuwo ya nuna. Shiru.

Bayan sallar Juma'a suka yi kiciɓis a ƙofar masallaci. Alhaji ya sunkuyar da kai, ya ja babbar rigarsa, ya bi ta lungu da saurin da gwiwarsa ba ta saba yi ba. Abdulhafiz ya ji kamar ya zauna a wurin ya yi kuka. Mutumin da ko kallonka ba ya son yi, shi ne zai je maka Alajo gobe?

Ya garzaya wurin Rashidatu mai gyaran waya a bakin kasuwar Nima. Minti uku ta yi ta miƙo masa.

"Cale, abokina, wayanka lafiya lau, ba matsala kraa. Akwai wani waya a kan akawun ɗinka na manhajar nan. Kai ka gyara, shi ya gyara. Wanda ya taɓa ƙarshe, nasa ke zama."

Nan take Abdulhafiz ya tuna wayar da aka zare masa a Circle bara. Ya tsine wa ɓarawon tun daga Nima har Maamobi, bai ko tsaya ya tambayi kansa me zai sa ɓarawo ya riƙa sa masa albarka ba.

Ɓarawo ko aljani, gobe Asabar. Bayan la'asar ya shiga gida da niyyar faɗin gaskiya: shekara biyu inji ke gaishe da Baba. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin tabarma.

Alhaji ya riga shi. Ya leƙa tsakar gida, ya tura ƙofa, ya rage murya.

"Ba sai ka faɗa ba. Tun ranar da ka dawo min da maganata na san ka kama ni. Kwana huɗu ban iya haɗa ido da kai ba." Ya zaro tsohuwar wayar Abdulhafiz daga aljihu. "Alajo za mu je da wuri. Amma don Allah kada Zubairu ya ji, kuma ka duba min abin nan da liman ya saka min don amsa gaisuwarka: duk sanda na danna gs, sai ya ce maka Baba."