Jelar Saƙon Auta

Naushi na biyu ne ya fitar wa Auta haƙori. Inna ta faɗa tsakanin 'ya'yanta tana salati, amma Babban Yaya ya ture ta, ya shaƙe ƙanen nasa a jikin firiji.

"Matata za ka nema, ɗan iska?"

Gaisuwa kawai Auta ya tura wa matar daga kwamfutarsa, sai ga saƙon da jela: "Ki fito, ina cikin mota, masoyiyata."

'Yar'uwarsu 'Yar Inna, injiniya, ta janyo kwamfutar ta binciki na'urar intanet ɗin gidan.

"Yaya, sake shi! Na'urar nan ba ta goge ma'ajiyarta kafin ta ɗora sabon saƙo. Kwano ne ba wanki, Inna. Ragowar saƙon wani ce ta manne."

"Na wa?" in ji Inna.

"Daga wayar Yaya ya fita. Kuma ba matarsa ya tura wa ba."

Inna ta kalli babban ɗanta. Ashe tun farko ya gane kalaman nasa ne.

Ta murza wa ƙofa makulli, ta miƙa wa surukarta, matar Yaya da ke tsaye a gefe, taɓarya.

"Bismillah, 'yata. Ni alwala zan yi."