Ƙofar da Peceli Bai Kulle Ba

Shekara uku ke nan Peceli yana kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti a garin Savusavu. Babbar cikinsu, wadda ake kira saba, ita ke ajiye bayanan duk mara lafiyar da ya taɓa zuwa asibitin.

Likitar wurin, Dakta Gounder, a garin Labasa take zaune, sau biyu take zuwa a mako. Saboda haka Peceli ya buɗe wa sabar hanya ta intanet, don likita ta riƙa duba fayil daga gida, shi ma ya yi gyara ba tare da ya taka ƙafa ya zo ba. Kalmar sirrin da ya sa ba wata aba ba ce, sunan ƙungiyar zari-rugar da yake goyon baya ne da shekarar haihuwarsa.

Wata Litinin da safe Sista Litiana, babbar nas, ta same shi yana shan shayi.

"Peceli, saƙon nan da sabar ke turowa kullum fa? Yau cewa ya yi an gwada shiga sau dubu huɗu ba a dace ba."

Ya yi dariya. "Ba mutane ba ne, Sista. Na'urori ne ke yawo a intanet suna taɓa kowace ƙofa. Wa ya san da zaman Savusavu?"

"To mai gwadawa sau dubu huɗu, ba ranar da zai dace?"

"Ke dai ki ji da allurarki, ni in ji da wayoyina."

"Allurata dai ba na barinta a bakin titi," in ji ta, ta wuce.

Ba rashin sani ne ya cuci Peceli ba. Ya san ya kamata ya daina amfani da kalmar sirri, ya koma makulli na musamman da ke zaune a kwamfutarsa da ta likita kaɗai. Ya san akwai manhajar da ke toshe duk wanda ya kuskure sau uku. Aikin bai wuce awa ɗaya ba. Ya ce sai Juma'a. Juma'a ta zo, abokai suka kira shi zaman shan yangona, wani abin sha na gargajiya da ake haɗawa da saiwa, ya ce sai wani mako. Da Sista ta sake tambaya, sai ya shiga ya kashe saƙon gaba ɗaya.

"Na gyara," ya ce mata. Ta yi masa godiya.

Bayan wata biyu, ranar wata Laraba, aka zo aiki, fayil ko ɗaya bai buɗu ba. Rubutu ne kawai a fuskar kwamfuta, wasu ɓarayi da suka kutsa sabar suna neman kuɗin fansa. Shugabannin asibitin suka ƙi biya. Kwana takwas bayan nan aka watsa jerin sunayen marasa lafiya, kowane suna da cutarsa a gefe. Kafin azahar jerin ya shiga wayoyin rabin garin.

Peceli ya buɗe jerin a wayarsa. A shafi na uku ya ga sunan Merewai, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta riƙe shi tun yana ɗan shekara bakwai. Shekara biyu tana karɓar maganin cuta mai karya garkuwar jiki, kuma bai taɓa sani ba.

Washegari ya bi ta kasuwa, inda take sayar da gwaza da kifi dafaffe da madarar kwakwa. Da, kafin ƙarfe ɗaya tukwanenta sun ƙare. Ranar nan ya hango su a cike. Matar da ke kusa da ita ta janye teburinta gefe. Gwaggo Merewai na zaune tana korar ƙuda da mafici, kanta a miƙe. Peceli ya laɓe bayan tarin abarba, ya kasa ƙarasawa.

Ranar Lahadi bayan coci ya ɗauki damin saiwar yangona, wanda a al'adarsu ake kai wa wanda ake neman gafararsa, ya je gidanta. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a bakin tabarma, ya tura damin gabanta.

"Gwaggo, ni ne. Ba ƙaddara ba ce, ba kuma gwanintar ɓarayi ba. An gargaɗe ni, na ce na gyara, alhali ban taɓa komai ba."

Ta daɗe tana kallon damin.

"Ka san me ya sa na zaɓi asibitin nan?" ta ce. "An ce in tafi Labasa, inda ba wanda ya san ni. Na ce a'a, ɗana ne ke riƙe da kwamfutarsu, sirrina yana hannun gida."

Peceli ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa tabarma.

"Na karɓa," ta ce, ta ɗora hannu a kan damin. "Ba zan mayar da kai da shi ba. Amma sunaye nawa ne a takardar nan?"

"Ɗari takwas da sha ɗaya."

"To ni ɗaya ce a cikinsu. Tashi ka ci abinci. Akwai shi da yawa, jiya ba wanda ya saya."

Ya ci loma biyu, ya tsame hannu.

An sallami Peceli daga aiki a makon nan. Wanda ya gaje shi ya kulle sabar kafin la'asar ɗin ranarsa ta farko. Gwaggo Merewai kuwa ta bar kasuwa, ta koma ƙauye.

Mai karatu, idan an ba ka amanar na'urar da ke fuskantar intanet, ka sani ana gwada ƙofarta a kowace sa'a. Ka kulle ta yau, ka karanta gargaɗin da take turo maka, domin sirrin mutane ne a ciki, kuma idan ya fita babu gyaran da zai mayar da shi.