Takalmina a Gulbin Rima

Ina aji uku Kaka ya tafi da ni gonarsa ta albasa a hayin Rima, bayan la'asar. Da za mu ratsa ruwa, na ɗora sabbin takalman makarantata a ka, yadda manya ke yi. Ɗaya ya zame, ruwa ya tafi da shi. Na tuna bulalar Inna.

Kaka ya bi shi da kallo. "Argungu za shi, amaryata, sannan Birnin Kebbi, shi hwaɗa Kwara, har teku."

A gida Inna ta ce, "Ina guda?"

"Ya tahi ci-rani," in ji Kaka.

Dariya ta ƙwace mata, ba ta dake ni ba. Har yau in na buɗe taswira, takalmin nan nake bi.