Mai Lambun da Ya Juye Man Injinsa a Babur

Tunda ka ce da sassafe za ka kwashi jarkoki ka tafi layin mai, zauna tukuna ka ji abin da ya sami wani mai lambu.

Mutumin nan tumatir yake nomawa a bakin rafi, a ƙasar rairayi wadda ba ta riƙe ruwa, in ka shayar da ita yau, jibi ta sake buɗe baki. Cin gidansa na shekara a jikin tumatirin nan yake, kuma a lokacin ya cika da fure, ga zafin bazara ya fara leƙowa. Kowane mai lambu ya san ba a barin tumatir da ƙishi in yana fure. Ranar ban-ruwa ce, ya cika tankin injinsa, ya jefa tiyo cikin rafi, saura kawai ya ja igiya, sai wani mai wucewa ya tsaya a bakin hanya yana ɗaga murya, wai an ƙara wa mai haraji, gidajen mai sun fara rufe ƙofa, wanda bai saya yau ba sai dai ya ji labari. Gaban mai lambu ya faɗi. Ya dubi injin, ya dubi babur ɗinsa da ba ko ɗigo a ciki, sai wata dabara ta zo masa, irin wadda tsoro kan kawo wa mutum ya ɗauka hikima ce: ya juye man inji a babur, ya ruga gari ya ciko jarkoki, kafin la'asar ya dawo ya yi ban-ruwa hankali kwance. Ya sa guntun tiyo a baki ya zuƙa, ya tofar, ya ɗaure jarka huɗu a bayan babur, ya bar injin a bushe.

A gari gidan mai ɗaya ne kaɗai a buɗe, layi kuwa ya miƙe har ya sha kwana. Masu mota na zagin masu babur, masu babur na hawa kan juna, kowa ido ya yi ja. Haka ya yi ta tura babur cikin rana, sai bayan la'asar ya kai gaban famfo, aka ce masa ba a zuba wa jarka, tanki kawai. Aka cika masa tanki. To, man nan ya isa ya shayar da lambun sau biyu har da saura, ga hanyar gida a buɗe. Amma a bakin ƙofa ya ji ana cewa gobe kuɗin zai ninka, jibi ko da kuɗinka ba za ka gani ba. Ya kuma lura da wasu suna zagayawa bayan katanga, su zuƙe tanki su juye a jarka, su koma ƙarshen layi kamar yanzu suka zo. Ya ce a ransa, tumatir ai ba zai mutu a kwana ɗaya ba. Ya bi su bayan katanga.

Kashegari da hantsi, dattijon da lambunsu ke maƙwabtaka ya kira shi a waya.

"Ɗana, tumatirinka ya fara lanƙwasa wuya. Ni injina ba mai, da na jawo maka ruwa. Ka taho da ɗan abin da ka samu."

"Baba, mutum tara ne a gabana. In na fita yanzu, wahalar jiya ta tafi a banza."

Mutum taran nan ba su ƙare ba famfo ya tsaya, aka ce sai motar mai ta iso. Hankalinsa ya rabu biyu, rabi a lambu, rabi a layi. Sau uku yana juya kan babur zai tafi, sau uku wani na ihu wai ga mota can tafe, shi kuma ya koma ya tsaya. Da motar ta zo ya sake cika tanki, ya sake zagayawa bayan katanga, domin wanda ya cika jarka ɗaya, ta biyu yake gani. Wayar dattijon ta ƙara shigowa, ya dube ta, kunya da tsoro suka hana shi ɗauka.

Sai rana ta huɗu da azahar ya kamo hanya, jarka uku cike, babur na rangaji, mutane na bin sa da kallon sha'awa. Tun daga nesa ya hango lambun ya kwanta. Ko sallama bai yi wa dattijon ba, ya zuba mai, ya ja igiya, inji ya tashi. Ruwa ya shiga fangalin tumatir, ƙasa na sha tana ƙara. Kafin rana ta yi sanyi ganye ya miƙe ya yi kore shar, har mai lambu ya sauke ajiyar zuciya ya ce Allah ya rufa asiri. Dattijon ya nuna masa bakin magudana da sanda. Furen ne, ya kakkaɓe kaf tun jiya, ruwa ya kwaso shi ya tara a can, rawaya-rawaya yana juyawa. Mai lambu ya durƙusa ya ɗebo cikin tafin hannu, ya daɗe yana kallo, inji na ta aiki a bayansa. Ga mai har na wata guda, ga ruwa yadda yake so, amma ganye zai shayar, kuma ba a kai ganyen tumatir kasuwa.

Irin wannan ne Hausawa ke nufi da suka ce, garin neman gira a rasa ido.