Haƙorin da Ya Leƙo Waje

Likitan haƙori ya ajiye ɗan madubinsa ya ce, "Hajiya, hanya uku ce. Ko mu ɗaura waya ta ja shi a hankali ya koma layi, ko mu goge shi mu sa mashi hula, ko mu cire mu dasa wani."

Tsohuwar ta gyara zama. Tun daga ƙauyen Mabai ɗiyarta ta taso ta, wai kada dangin ango, 'yan birni, su zo biki su tarar da uwar amarya da haƙori guda ya leƙo waje kamar mai jiran baƙi.

"Inna, ki zaɓi hular, ta fi sauri," in ji ɗiyar.

"Ɗan nan, a cikin ukun, wacce za ta bar ni in ciji abu mai tauri?"

"Gaskiya sai dai ki riƙa lallaɓawa, Hajiya."

Sai tsohuwar ta kwance haɓar zanenta, ta ɗauko ƙwayar masara, ta ɗora bisa karkataccen haƙorin. Ƙas!

"Ka ji? Wannan ta bushe, a zuba ta rumbu. Wadda ta lotsa a baki kuwa sai ta ƙara shan rana, in ba haka ba ta yi funfuna. Shekara talatin ke nan, ba gidan da ke rufe rumbu a unguwarmu sai na ciza."

Ta sauko daga kujera, ta gyara mayafi.

"Tashi mu tafi, 'yar nan, kaka ta kama. Surukanki in sun zo, tuwon da haƙorin nan ya tsare za su ci."