Ɗakin Da Tabawa Ke Kiran Sunan Ɗanta

Wata shida ke nan Tabawa na hawa babur daga Kashin Zama zuwa Jega duk Laraba, tun bayan da tirela ta take ɗanta a hanyar Maiyama. Barci ya ƙaurace mata, abinci ya ƙi wucewa. Shi ya sa aka haɗa ta da Malam Barnabas, mai ba masu damuwa shawara a wani asibiti.

Yaron ɗanta na fari ne fa. Shekara ashirin da uku bakinta bai taɓa furta sunansa ba, sai dai "wancan yaron". Ko ranar jana'iza kunya ta hana ta kuka a gaban mutane.

A zuwanta na huɗu, Barnabas na cike takarda, ya ce, "Mama, yaya sunansa?"

Kanta a ƙasa ta ce:

"Nuraddeen."

Sai kukan da ta daɗe tana haɗiyewa ya ɓalle. Daga ranar abin da ke kawo ta ke nan. Ta kira shi da sunansa, ta ba da labarin yadda yake tsokanarta in suna shanyar albasa, ta koma gida da sauƙin zuciya.

Barnabas bai lura ba. A ganinsa, jan numfashin da ya koya mata ne ya yi aiki. Wata Laraba ya tarbe ta da fara'a.

"Mama, kin samu sauƙi! Kin iya numfashin, kina barci. Ba sai kin dawo ba."

Tabawa ta dube shi ta ce:

"Numfashi? Malam, tun da aka haihe ni nike numfashi! Ka aza don shi nike biyo hanyar ga? Nan kaɗai nike iya kiran ɗana! In ka rufe min nan, ina kake so in kai sunan?"

"Ki yi haƙuri, Mama, akwai masu jira a waje."

"Wata shida kana kallon takarda. Ko sau guda ka tambaye ni mi ke taimaka min?"

Ya riga ya rufe fayil.

Tabawa ta koma gida ta kama bakinta. Ta daina fita, ta daina ci. Kafin damina ta sauka aka dawo da ita asibitin a kwance, ko ɗiyarta Luba ba ta ganewa.

Jama'a, masu sauraron damuwar mutane musamman: abin da ka ɗauka shi ne maganin, wataƙila ba shi ke riƙe da mai ciwon ba. Kafin ka sallame shi, tambaye shi, sannan ka saurara.